Idan Sallah Ta Zo Wa Wani Da Faɗuwar Gaba

A kusan kowace zuriya akwai wanda aka sani da ɓacewa ranar sallah. Ana kayar da rago sai a nemi babban ɗan gidan a rasa, ba zai dawo ba sai an gama fiɗa an wanke tsakar gida. Akwai yarinyar da ta fi kowa ɗokin ɗinkin sallah, amma da an ce a fito a tafi kallon hawa sai ciki ya murɗe ta. Akwai amaryar da za ta kwana uku ba ta runtsa ba don za a kai ta gaida dangin miji. Mu kuwa mun riga mun raɗa wa kowa suna: wannan matsoraci ne kamar ba namiji ba, wannan shagwaɓa ce ta yi mata yawa, waccan kuma girman kai ke ɗawainiya da ita.

Da yawansu ba su da ko ɗaya cikin halayen nan. Lalura ce ke damunsu wadda likitocin ƙwaƙwalwa suka daɗe da saninta, suna ce mata fobiya: tsoro mai tsanani na wani abu takamaimai, wanda ya zarce hatsarin da ke cikin abin nesa ba kusa ba, yana tasowa duk lokacin da aka haɗu da abin ko aka tuna shi, ya kuma ɗauki wata shida ko fiye yana hana mutum sakat. Babba mai wannan lalura ya san tsoronsa ya wuce misali. Ya fi ka sanin cewa jinin rago ba zai yi masa komai ba. Jikinsa ne ba ya jiran shawararsa. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, amigdala, wanda aikinsa irin na maigadi ne: da ya hangi abin da ya ɗauka hatsari ne sai ya kwarma ihu tun kafin tunani ya tantance ko ɓarawo ne ko baƙo. Nan take sinadarin adrenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya yi sama, baki ya bushe, gumi ya karyo, gwiwa ta saki. Ba wanda ya taɓa tsayar da wannan da tsawa.

Abin kuma ba na mutum ɗaya ko biyu ba ne. Wani babban nazari da aka buga a 2017, daga binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a ƙasashe 22, ya nuna kimanin mutum 7 cikin 100 sun taɓa fama da irin wannan tsoro a rayuwarsu, mata sun kusa ninka maza, kuma galibi yakan soma ne tun ana yara, wajen shekara 8. Duba yawan mutanen da ke cika gidan gandu ranar sallah, sai ka yi lissafi da kanka.

A sauran ranakun shekara mai fobiya yana iya tsara rayuwarsa ya kewaye abin da yake tsoro. Ba ya bi ta kwata, ba ya shiga kasuwa ranar cinta, ba ya zuwa inda ake ɗaure dawaki. Sallah ce ke tattaro masa komai a kwana uku, kuma a gaban idon kowa: jini, dawaki, ƙarar bindiga, cunkoson filin idi, doguwar tafiya cikin mota a matse, masu wasa da kura da maciji a bakin titi, da falo cike da surukai. 'Yan'uwanmu Kirista a Jos da Kaduna da Kafanchan su ma sun san wannan a Kirsimeti da daren sabuwar shekara, lokacin da yara ke fasa nokawut a kowane lungu.

Kuskure biyu muke yi, kuma na fi jin zafin na farko. Shi ne tilastawa: a damƙa wa yaro ƙafar rago yana kakkarwa a ce yau sai ya zama namiji, ko a ɗaga yarinya tana ihu a ɗora ta kan doki don a ɗauki hoto. Wanda aka yi wa haka ba ya koyon jarumta. Abin da jikinsa ke haddacewa shi ne lallai abin nan mugu ne, kuma na kusa da shi ma ba abin dogaro ba ne. Kuskure na biyu na masu tausayi ne: a ƙyale mutum ya yi ta gudu shekara da shekaru. Duk gudun da aka yi yana kawo sauƙi nan take, sauƙin nan kuwa shi ke ƙara wa tsoron ƙarfi, domin ƙwaƙwalwa ba ta taɓa samun damar ganin cewa da an tsaya ba abin da zai faru. Shawarata ita ce a raba aikin gida biyu. Ranar sallah a yi dabarar da mutum zai shiga biki gwargwadon ikonsa da mutuncinsa. Maganin tsoron kansa kuwa a yi shi a watannin da ba hayaniya, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Jini da layya

Na fara da tsoron jini domin ya bambanta da sauran, kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. A yawancin tsoro bugun zuciya da ƙarfin jini hawa suke yi su tsaya a sama. A tsoron jini da allura da rauni sukan hau na ɗan lokaci, sannan su rikito ƙasa gaba ɗaya. Jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, mutum ya ji jiri, kunnuwansa su toshe, ya ga duhu-duhu, gumi mai sanyi ya rufe shi, sai ya zube. Ƙato mai ƙarfi ma yana zubewa. Wannan tsoron yakan kuma bi jini a dangi, shi ya sa za ka ji ana cewa ai haka kawunsa yake. Hatsarin ba a suman yake ba, domin yawanci cikin ƙasa da minti ɗaya ake farfaɗowa. Hatsarin yana cikin faɗuwa kan siminti, ko kusa da wuƙa, ko gefen kaskon suya.

Idan kai ne maigidan, ka kwantar da hankalinka game da ibadarka. Abin da malamanmu ke karantarwa a fili yake: an so mutum ya yanka da hannunsa in zai iya, amma idan ya wakilta wani Musulmi ya yanka masa, layyarsa ta yi. Ka yi magana da limamin unguwa ko mahauci tun kwana biyu kafin sallah, kada ka bari sai an sauko idi kowa na neman mai yanka. Mutumin da hannunsa ke rawa bai kamata ya riƙe wuƙa ba, ko don tausayin dabbar.

Idan kuma kai ɗa ne a gidan, kada ka sulale ba sallama, domin sulalewar ce ke jawo zargi. Ka sami mahaifinka a keɓe tun ana jajibere, ka ce: "Baba, ina neman alfarma. Idan na ga jini jiri nake ji, har nakan faɗi. A ba ni wani aikin, ni zan sayo itace da gawayi, kuma ni zan kai wa su Gwaggo nasu kason." Aikin layya yana da yawa: ɗebo ruwa, hura wuta, rabon nama gida-gida bayan an ƙulle shi, lura da ƙanne. Wanda yake da aiki a hannu ba a ce masa ya gudu. Haka matar da ba ta iya wanke kayan ciki: ta gaya wa maigidanta ko uwar mijinta tun da wuri, "Hajiya, ni dai a bar mini tuwo da miya da wanke-wanke, wajen ɗanyen nama ne ba na iya tsayuwa." Ku kuma iyaye, idan aka zo muku da irin wannan magana, ku karɓa ba tare da kun mai da ita abin ba'a a gaban baƙi ba. Ya sha fama da kansa kafin ya iya furta ta.

Akwai dabarar da ke hana suman, kuma kowa zai iya koyonta a ɗakinsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Lars-Göran Öst, shi da abokin aikinsa suka bayyana ta a 1987. Ka zauna kan kujera. Ka ɗaure tsokar hannuwanka da ƙafafunka da gangar jikinka tamau na daƙiƙa 10 zuwa 15, har ka ji ɗumi ya fara hawa fuskarka. Sai ka sassauta ka koma daidai, ba sakin jiki sharaf ba, na daƙiƙa 20 zuwa 30. Ka maimaita sau biyar. Kada ka riƙe numfashi yayin da kake yi. Ɗaure tsokar yana ɗaga ƙarfin jini, ya hana shi rikitowa. Ana so ka yi ta sau da yawa a rana har tsawon mako guda kafin ka buƙace ta, don jiki ya saba, sannan ka yi amfani da ita da zarar ka ji alamar farko, irin su ɗan jiri ko hamma ko tashin zuciya. In ta sa ka ciwon kai, ka rage ƙarfin ɗaurewar. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambayi likitansa tukuna. Ka lura kuma da cewa shawarar nan da ake ba kowa, wai ka saki jiki ka huta, ga mai tsoron jini tana iya gaggauta faɗuwa.

Kada ka tsaya wajen yanka cikin rana da yunwa da ƙishirwa. Da yawa kan kame baki ranar babbar sallah har sai an sauko idi, ga zafi, ga tsayuwa, duka suna taimaka wa suma. In wani ya faɗi, a kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa wuyan riga, jama'a su ja baya ya sha iska. Kada a ɗura masa ruwa a baki yana sume, kada a tashe shi tsaye da ya buɗe ido. In ya wuce minti ɗaya ko biyu bai farfaɗo ba, ko ya bugu a ka, ko yana jijjiga ba ƙaƙƙautawa, ko mai ciki ce, ko dattijo, a nufi asibiti.

Dawaki, bindiga da turmutsutsu

Hawan sallah abin alfaharinmu ne, har UNESCO ta sanya hawan Kano cikin gadon al'adun duniya a Disamban 2024. Amma ka gwada kallonsa daga tsayin yaro ɗan shekara biyar. Abin da yake gani shi ne kofatai da ƙirjin doki a samansa, ga kakaki da tambari a kunne, ga 'yan bindiga sun saki wuta ƙasa ta girgiza hayaƙi ya turnuƙe, ga manya na tura shi ta ko'ina. Ranar Hawan Daushe, lokacin da mahaya ke tahowa a sukwane su yi jinjina a Ƙofar Kudu, babba ma sai ya ja da baya.

Abu na farko, kada a yi wa yaro ƙarya. Ba a ce masa ba za a harba bindiga ba alhali za a harba. A gaya masa tun a gida: "Za ka ji ƙara mai ƙarfi sosai, albarushi ne kawai na murna, ba kowa ake harbi ba. Idan ka ga masu bindiga sun ɗaga ta sama, ka toshe kunnenka, ni kuma ina riƙe da kai." Ƙarar da aka san tana zuwa ba ta razana mutum kamar wadda ta zo ba zato. Ɗan auduga a kunne yana rage kaifinta. A zaɓi wurin kallo da hankali: saman bene in akwai gidan ɗan'uwa a hanyar, ko bakin wani lungu da za a iya ficewa ta baya, ba gaban layi inda dogarai ke kora mutane ba. A kuma yi alkawari da shi: in ya ce a tafi, za a tafi, ba faɗa ba gori. Wannan alkawari shi ke sa yara da yawa su daure su tsaya, tunda sun san ƙofa a buɗe take. In bana daga nesa ya iya kallo na minti goma, an ci riba. In ko hakan ya gagara, ya kalla a talabijin tare da wani babba, kada a bar shi shi kaɗai a gida kamar wanda ake horo.

Haka abin yake ga tashe, wanda yara ke farawa daga goma ga azumi. Ƙaramin yaro bai iya raba fuskar da aka shafe da toka da gawayi da ta dodon gaske ba. A nuna masa da rana yadda yayyensa ke manna gemun auduga, ya taɓa da hannunsa, ya ga wanda ke ciki. Ina kuma roƙon iyaye mata da kakanni su daina razana yara da dodo da kura da allura don su yi shiru. Yaron da aka rena da "zan kai ka a yi maka allura", shi ne gobe zai guje wa gwajin jini yana magidanci. Tsoro ana koyonsa ta hanya uku: abin da ya sami mutum, abin da ya ga ya firgita wani, da abin da aka yi ta faɗa masa. Biyu daga ciki a hannunmu suke.

Babban da cunkoso ke shaƙe shi ba sai ya je babban filin idi irin na Ƙofar Mata ba. Yanzu kusan kowace unguwa tana da nata. Ya je da wuri, ya shimfiɗa dardumarsa a ƙarshen sahu ta gefen hanya. Turmutsutsun ya fi muni wajen fita, don haka ya zauna ya saurari huɗuba har ƙarshe, ya ƙara 'yan mintoci yana zikiri, jama'a su rage sannan ya tashi. Gidan zu da wuraren lilo kuwa, a bar su sai sallah ta kwana huɗu ko biyar, kuma da safe.

A nan dole in ware wasu mutane. Wanda ya tsira daga harin Boko Haram a Borno ko Yobe ko Diffa, ko ya kwana a daji yana gudun 'yan bindiga a Zamfara ko Katsina, idan ƙarar bindigar hawa ko nokawut ta sa shi kwanciya ƙasa yana kakkarwa, ba fobiya ce kawai ke damunsa ba. Sau da yawa raunin da tashin hankali ya bari ne a zuciya, mai zuwa da mugayen mafarkai da ganin abin kamar yanzu yake faruwa. Wannan ba a yi masa gwaji a gida, aikin ƙwararru ne. Abin da maƙwabta za su iya yi shi ne su hana yara fasa abin ƙara a ƙofar gidansa, su kuma sanar da shi lokacin da za a yi harbe-harben hawa.

Gaisuwar sallah

Tsoron shiga mutane ya fi kowanne iya ɓuya a cikinmu, domin yana sanye da rigar kunya, mu kuwa muna yabon kunya. Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da kowa sai a ce ta yi tarbiyya. Bambancin shi ne mai kunya tana sunkuyar da kai ta gaida surukinta, ta fito ta ci gaba da harkarta. Mai tsoron shiga mutane kuwa tun ana saura mako take zullumi, a wurin muryarta na rawa, ba ta iya haɗiye lomar da aka ba ta, bayan ta dawo kuma ta kwana tana tuhumar kanta kan kowace kalma da ta faɗa. Samari ma suna ciki, su ne ake cewa ba sa zumunci.

Al'adarmu ta yi wa irin waɗannan gata ɗaya: gaisuwarmu tsararriya ce. Barka da sallah, an yi sallah lafiya, Allah ya maimaita mana, ina su wane. Ba sai ka ƙirƙiro hira ba. Ka tafi da sassafe ko bayan la'asar lokacin da falo bai cika ba. Ka tafi da wanda ka saba da shi mai surutu, ya riƙe zancen. Ka yanke wa kanka lokaci, ko minti goma sha biyar ne, ka cika shi sannan ka yi sallama. Gida biyu a rana ya fi gida goma da za ka fasa zuwa gaba ɗaya. Tambayoyin nan da ke soke zuciya, "Yaushe za mu sha biki?" ko "Har yanzu shiru?", ka tanadi amsarsu tun daga gida: "Ku dai taya mu da addu'a." Ba mai iya ja da wannan. Sannan ka fitar da hankalinka daga jikinka ka mai da shi kan mutanen: me Inna take faɗa, wane jika ne ya yi tsawo. Mai wannan tsoro yana zaton kowa na kallon gumin goshinsa, alhali kowa ta kansa yake yi.

Maigida, amaryarka ba ta raina danginka ba. Kada ka ajiye ta a tsakiyar mata ashirin ka tafi majalisa har dare. Ka haɗa ta da ƙanwarka guda mai kirki, ka faɗi lokacin da za ka dawo, ka kuma dawo a lokacin.

Batun tafiya gida kuwa gajere ne. Wanda mota a matse ke sa shi jin kamar zai shiɗe ya biya kuɗin gaba ko ya nemi bakin taga, ya tafi kwana biyu kafin tasha ta cika. Amma fargabar tafiyar dare a hanyar da ake tare mutane, ko ƙin shiga kwalekwalen da aka yi wa lodi fiye da kima ba rigar kariya, wannan hankali ne, kada wani ya ce maka ciwo ne.

Idan abin ya taso a tsakiyar jama'a

Firgicin da ke rufe mutum gaba ɗaya yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, sannan ya fara sauka da kansa. Mai shi yana jin kamar mutuwa zai yi ko zai zauce, amma firgicin kansa ba ya kisa. Jirin da ɗaurewar yatsu daga saurin numfashi suke zuwa. Ka ja gefe, ka zauna, ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida. Carbi yana taimakawa ƙwarai: kowane fitar numfashi ka ja ƙwaya ɗaya da tasbihi. Wanda ke tare da shi ya rage magana, ya kori 'yan kallo, ya riƙa cewa "Ina nan, zai wuce." In son samu ne kada a gudu gida nan take. A jira ya lafa a gefen wurin, don jiki ya shaida cewa ya lafa ba tare da an tsere ba. Amma ciwon ƙirji da ya zo wa mutum karon farko, musamman mai shekaru ko mai hawan jini ko ciwon sukari, ba a ce masa tsoro ne sai likita ya duba.

Wasu iyalai da sun ga haka sai su ce iska ce. Addu'a ba ta da lokacin da ba ta da amfani, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Abin da ba na so shi ne a taru a kan yarinya ana duka ana hayaƙi, alhali numfashi ne ya ƙwace mata.

Goro da kofi da lemon ƙara kuzari duka suna ɗauke da sinadarin da ke hanzarta bugun zuciya, a rage su a kwanakin. Rashin barcin daren sallah, ana zaryar wajen tela da kitso da lalle, shi ma yana sa jiki saurin razana. Babban gargaɗina kuwa ga matasa ne: kada ka nemi ƙarfin hali a kemis. Ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diazepam suna kama jiki, kuma tsoron na nan yana jiranka idan sun sake ka. Tramadol da kodin sun fi haka muni. Ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi wa samari da 'yan mata ce ta sa gwamnatin Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018.

Bayan an share tsakar gida

Yanzu ne lokacin aikin gaske, kuma albishirin shi ne fobiya tana cikin lalurorin ƙwaƙwalwa da suka fi jin magani. Hanyar ta daɗe. Tun a 1924 wata masaniya a Amurka, Mary Cover Jones, ta yi aiki da wani yaro ɗan kusan shekara uku mai tsoron zomo. Ta riƙa ajiye zomon cikin keji daga nesa yayin da yaron ke cin abin da yake so, kullum ana matso da shi kaɗan, har ya kai yana shafa shi da hannunsa. A kan wannan tushe aka gina maganin da ake yi yau: tunkarar abin tsoro mataki-mataki, da yardar mai shi, a maimaita, a kuma daɗe a kowane mataki har jiki ya gane ba abin da ya faru. Öst ɗin nan da na ambata ya nuna cewa a hannun ƙwararre, zama ɗaya na kamar awa uku yana iya kawo babban sauyi ga masu tsoron abu guda takamaimai.

Tsakanin ƙaramar sallah da babba akwai kimanin kwana 70, sun isa a yi nisa. Ka rubuta matakai kamar takwas ko goma, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon yadda yake tsorata ka, ka fara da mai maki 3 ko 4. Ga mai tsoron jini: zanen ɗigon jini a takarda, sai hoto, sai tsayawa nesa da teburin mahauci, sai matsowa ka sayi nama da kanka, sai yanka naman miya, sai kallon yankan kaza daga bakin ƙofa, can gaba kuma kwata. Duka a zaune in zai yiwu, da dabarar ɗaure tsoka, da wani a kusa. Ga yaro mai tsoron doki: hoto, sai bidiyon hawa da ƙaramar murya, sai leƙa barga daga waje, sai tsayawa kusa da doki mai sanyin hali yana ɗaure a turke da mai kula da shi a wurin, sai kallon wani yaro yana miƙa masa harawa, sai shi ma ya gwada ranar da ya ce ya shirya. Kada ka bar mataki tsoro na kan ganiyarsa. Ka jira ya ragu kamar da rabi, ka sake yinsa gobe da jibi, sannan ka hau na gaba. In wani mataki ya gagara, ka tsaga shi biyu.

Tsoron baƙi da duhu da ƙara a wajen ƙananan yara yawanci yana wucewa da girma. Tsoron da ya kamata a kai asibiti shi ne wanda ya daɗe, yake hana makaranta ko aiki ko zumunci ko karɓar magani, ko yake tare da baƙin ciki mai nauyi, ko suma a kai a kai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, haka ma Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Zuwa can ba ya nufin hauka, yawancin masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Ka gaya wa likita abin da kake tsoro, tun yaushe, me jikinka ke yi, da abin da tsoron ya hana ka. Ka kuma nemi a haɗa ka da masanin halayyar ɗan Adam mai yin horon tunkarar tsoro mataki-mataki, domin ga tsoron abu guda takamaimai horon nan ne kan gaba, ba ƙwaya ba.